Shekarar da Jikin Mma Ya Yi Fushi

Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Mma, ta yi shekaru masu yawa tana sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu a Zongo. Da karan dafi take dafa shi har ya yi ja, ta zuba a ganye, ta ɗora garin rogo da taliya da ganda, ta malala shito, baƙar miyar yaji, a kai. Kafin rana ta ɗaga, layin masu saye ya wuce bakin kwata. Direbobin motocin haya na trotro ne, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, har da ma'aikatan ofis da ke tahowa da mota tun daga Oforikrom.

Ba abincin kaɗai ya yi suna ba, har da hannun mai abincin. Mma tana ɗage murfin tukunya daga kan wuta ba tsumma. Tana gyara garwashi da yatsa tana hira. Masu jira su yi ta kallo suna jinjina kai.

"Hajiya, wannan hannun naki ba irin namu ba ne."

"Aiki ne," in ji ta. "Matan yanzu ne ba su san wuta ba."

Matan yanzu ɗin ni ce. Na yi aure a Buokrom, ina koyarwa a firamare, kuma duk ranar da na zo taya ta na nemi tsumma sai na sha gori. Na girma ina ganin hannun uwata baiwa ce da ban gada ba.

Akwai kuma wasu tabbai masu haske a bayanta da damtsenta, ɗaya a kumatu. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa ciwo, don haka muka ce kyasbi ne muka manta da su. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ƙofarta ke kallon tamu, har ta taɓa jan Mma gefe ta tambaye ta wane mai take shafawa, don ta ga kumatun ya fara haske.

Abin da ya kai mu asibiti ƙuna ce a tafin hannu da ta ƙi warkewa. Ni na lura da ita, don Mma ba ta ma san ranar da ta ƙone ba. Da nas ta zo wanke gyambon, ta goga shi da ƙarfi, ni da ke tsaye sai da na runtse ido, amma Mma tana ba ta labarin tsadar shinkafa. Nas ta tsaya da wankin, ta dube ta, ta dubi tabon kumatu, ta ce mu bi ta ɓangaren masu ciwon fata.

Likitar da muka samu yarinya ce Ba'asantiya, ba ta kai ni shekaru ba. Hausar kasuwa ta iya, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Maame take ce wa Mma, wato uwa a yarensu.

"Maame, rufe ido. In ka ji na taɓa ka, ka nuna wurin."

Ta ɗauki auduga tana taɓa Mma. A fata mai lafiya Mma ta nuna. A kan tabbai kuwa shiru, tana zaune ido rufe tana jiran a fara. Likita ta lalubi bayan gwiwar hannunta, ta ce in kawo yatsana in ji. Wata jijiya ce ta yi kauri kamar igiyar shanya. Daga nan aka tura mu ɗakin gwaji, inda wani mutum mai fara'a ya matse fatar kunnen Mma, ya tsaga kaɗan da reza, ya kankare ruwan ya shafa a gilashi. Haka ya yi a gefen ɗaya daga cikin tabban.

Da sakamako ya fito, likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce kuturta ce, kuma ƙwayoyin cutar suna da yawa, sun daɗe a jiki.

Mma ta buɗe hannayenta a kan tebur. "Kuturta? 'Yata, ga yatsuna nan duka. Ki ƙirga."

"Don su zauna duka ne za ka sha magani," in ji likita. Ta ce ana warkewa sarai, magani kyauta ne, shekara guda za a sha, kuma da an fara ba da jimawa ba mutum ya daina yaɗa cutar. Ta duba ni, ta sa aka kawo sauran mutanen gida aka duba, ba a ga komai a jikin kowa ba. Ta kuma yi mana gargaɗin cewa wani lokaci jiki yana tayar da rigima ana cikin shan magani, in mun ga haka mu dawo da sauri. Wannan ɓangaren ba mu ji shi sosai ba. Kalmar farko ta cika mana kunne.

A trotro, hanyar gida, da muka kusa sauka Mma ta dube ni. Ta ce, "Ashe hannun da nake yi miki gori da shi, ciwo ne." Ta ce kada kowa ya ji, sai yayanta.

Watannin farko sun tafi lafiya. Fitsari ya yi ja ranar shan babban maganin wata-wata, kamar yadda aka faɗa mana. Fatarta ta fara duhu saboda ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin, Hajiya maƙwabciya ta ce ai dama man bilicin haka yake, in ka daina sai ya rama. Mma ta ɗauki wata 'yar'uwarmu tana zuba abinci, ita tana zaune tana ba da umarni, ta koyi riƙe tsumma tana tsaki.

Sai wata safiya 'yar'uwar tamu ta kira ni a waya ina cikin aji. Na iso na tarar da Mma a ɗaki, ban gane fuskarta ba. Tabban nan da suka yi shekaru a kwance ba ruwansu da kowa duk sun tashi. Sun kumbura, sun yi ja suna sheƙi, kamar an ɗora mata dutsen guga. Na kumatu ya haɗiye rabin fuska. Hannu da ƙafa sun kumbura. Ta riƙe gwiwar hannun dama tana cije leɓe, ta ce wani abu kamar wutar lantarki yana tsarga mata har ƙaramin yatsa. Ludayi ya faɗi daga hannunta da safen, ta kasa ɗauka. Matar da ke taɓa garwashi, ranar nan ko gefen zane ya gogi gwiwar sai ta yi ƙara.

"Shekara da shekaru ina da cuta ina lafiya," in ji ta. "Yanzu ina shan magani ina mutuwa. Wane irin asibiti ne wannan?"

Kawu ya iso daga Tafo. Shi ne yayan Mma, malami ne mai makarantar Islamiyya, mutum mai son hujja ko a kan farashin albasa. Ya dube ta, ya yi addu'a, sannan ya yanke hukunci.

"Abin a fili yake. Kafin magani lafiya, bayan magani ciwo. A daina maganin."

"Kawu, likita ta ce in an ga haka a koma."

"To mu koma. Ni ma ina da tambaya."

Ya sa babbar riga ya bi mu, da niyyar kayar da likita a muhawara. Ta bar shi ya gama jawabinsa, sannan ta duba Mma. Ta sa takarda tsakanin yatsunta ta ce ta riƙe, ta ja, takardar ta zare ba wuya. Ta matsa jijiyar gwiwa a hankali, Mma ta yi salati. Sai ta juya wurin Kawu.

"Malam, ba maganin ne ya ƙi shi ba. Jikinsa ne ya yi fushi." Ta nuna Mma. Ta ce jiki yana da masu tsaronsa, kuma na Mma sun yi shekaru suna barci ƙwayoyin cuta suna zaune a fata da jijiya. Yanzu da magani ya karkashe ƙwayoyin, masu tsaron sun farka, sun ga baƙi a gida, sun faɗa musu da duka. To baƙin a cikin jijiya suke, don haka jijiyar ke shan dukan.

Kawu ya shafa gemu. "Wato irin masu gadin layinmu ne. Sai ɓarawo ya yi nisa su fito da sanda su fasa wa mai gida kai."

"Haka ne, Malam."

Tun da shi ya kawo misalin, sai ya zama maganar tasa ce, ya goyi bayanta nan take.

An ɗebi jini, an sake tsaga kunne. Mutumin ɗakin gwaji ya fito da murmushi har kunne. Ya ce albishirinmu, jini lafiya lau, ba abin da ya hau ba abin da ya sauka. Ƙwayoyin cutar kuma da a da yake ganinsu a miƙe kamar 'yan sanduna, yanzu duk sun kakkarye. Ya ce ya daɗe bai ga magani ya yi aiki haka ba. Mma tana zaune a benci, fuska a kumbure, hannu a rataye.

"Ɗana, ka gaya wa takardar ta zo ta ɗaga mini hannu," in ji ta.

Likita ta ce irin wannan fushin ba ya fitowa a jini, da ido da hannu ake gane shi. Abin tsoro shi ne jijiya, in aka yi jinkiri yatsu su lanƙwashe ba su dawo ba. Ta ƙara wasu ƙananan fararen ƙwayoyi masu kwantar da kumburi, a sha da safe bayan abinci, a riƙa ragewa a hankali, kada a yanke su rana ɗaya. Ta ce maganin kuturta kuma ko kwana ɗaya kada a tsallake. Aka ɗaure hannun a majanyi aka ce ya huta.

Fuska ba ta ɓoyuwa a Zongo. Wani ya gan mu a ɓangaren masu ciwon fata, wani ya ƙara nasa, kafin mako ya zagayo maganar ta kai har masallaci. Layin masu saye ya fara gajarta, sannan ya ɓace. 'Yar'uwarmu ta zauna gaban tukunya tana korar ƙuda har azahar. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci daga hannun Mma lokacin da ƙwayoyin ke raye suna yawo, su ne yanzu ke gaishe ta daga tsallaken kwata, a lokacin da likita ta ce ba ta iya sa wa kowa komai. Hajiya maƙwabciya ta aiko da turmin da ta ara tun bara, a wanke tas, ta ce a ajiye a ƙofa.

Na ɗauka aikina na malama zai yi amfani. Na tare wani tsohon mai sayen abincinmu na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara da ladabi.

"Gaskiya ne, Malama. Ilimi ke nan. Allah ya ƙara sauƙi." Ya wuce ya sayi koko a gaba.

Muka rufe rumfa. Wannan ya fi kumburin yi wa Mma ciwo. Takan zauna a tsakar gida da safe, lokacin da a da take cikin hayaƙi da hayaniya, ta rasa inda za ta sa kanta. Wata rana na same ta tana kuka ba sauti. Ta ce ba cinikin ba ne, ta saba a kira ta ne.

Fararen ƙwayoyin sun yi aikinsu. Tabban suka kwanta suna saɓa, zafin gwiwa ya ragu, yatsu suka fara riƙe takarda. Amma sun zo da nasu. Mma ta buɗe ciki tana ci kamar mai aikin gini, fuskarta ta yi zagaye, wuya ya cika. Likita ta fara damuwa, don sukari ya soma hawa, jini ma haka, kowane zuwa sai an soki yatsa an auna. A daidai wannan lokacin muka je suna a unguwa, karo na farko da Mma ta fita cikin mata. Suka yi mata caa.

"Kai, Hajiya, kin murmure! Dubi kumatu!"

"Hutu ya karɓe ki, wallahi."

"Dama mun ce ƙarya ake yi miki. Mai wannan ciwon yana ƙiba haka?"

Har da masu tambayar yaushe za a buɗe rumfa. Mma ta amsa da godiya, ta karɓi farantin tuwo, ni kuma ina gefe ina tuna abin da likita ta ce game da sukari.

Shekara ta cika, ta shanye fakiti na ƙarshe, likita ta ce ta warke. Muka yi sadakar masa, Kawu ya yi doguwar addu'a. Mma ta sa aka wanke tukwane.

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Gaɓoɓi suka riƙe, idanu suka yi ja ba ta son haske. Kowa ya ce maleriya ce, damina ce, har ni. Mai kemis ya gwada bai ga maleriya ba. Washegari wasu ƙulluttai suka fito mata a ƙarƙashin fata, kamar an cusa gyaɗa, a damtse da cinya da fuska, jajaye, masu zafi in an taɓa. Ba a kan tsofaffin tabban suka fito ba, sababbin wurare suka nema. Wasu su lafa bayan 'yan kwanaki su bar baƙin tabo, wasu su taso a gefensu.

Wannan karon mutumin ɗakin gwaji bai yi murmushi ba. Takardar da a baya ba ta da abin cewa, yanzu ta cika da magana. Fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa. Jinin da ya tsayar a siririyar kwalba ya kwanta da sauri, alamar kumburi ya game jiki. A fitsari ma an ga abin da bai kamata ƙoda ta saki ba. A kunne kuwa ba ƙwayar cuta mai rai ko ɗaya, sai ɓurɓushi.

Likita ta ce wannan fushi ne na biyu, daban da na farko. Ƙwayoyin sun mutu, amma gawarwakinsu suna ɗaukar shekaru kafin jiki ya share su. Ɓurɓushin yana haɗuwa da abin da jiki ke fitarwa don yaƙi, su dunƙule su bi jini, duk inda suka maƙale wurin ya kumbura. Shi ya sa wannan ya zo da zazzaɓi, ya taɓa ido da gaɓoɓi, ya kuma fito a gwaji.

"Maame, cutar ba ta dawo ba. Ka warke. Ba ka da lafiya ne kawai."

Mma ta buɗe ido ɗaya. "'Yata, a Hausa ba a haɗa waɗannan biyun."

"A asibiti ana haɗawa."

Aka kwantar da ita 'yan kwanaki, aka koma kan fararen ƙwayoyi, aka ƙara da mai sa duhun fata, aka ba da na ɗigawa a ido. Kawu yana zuwa kullum da rana ya zauna bakin gado da carbi. Zuwa lokacin ya zama gwani. Duk wanda ya zo dubiya, ko na gadon kusa ne, sai ya ji bambancin fushi na farko da na biyu, da wanda ke fitowa a jini da wanda ba ya fitowa. Abin bai ishe shi ba, ya zo masallacin layinmu ya yi wa'azi a kan cutar, cewa tana da magani, kuma gudun wanda ya sha magani jahilci ne ba tsantseni ba. Don ya rufa asiri bai kama suna ba, ya ce wata baiwar Allah ce mai sayar da abinci. Mijina ya ce duk sahun gaba sai da suka waiwayo suka dube shi.

Ban san ko wa'azin ne ya yi aiki ko yunwa ba. Da Mma ta ji sauƙi aka sake buɗe rumfa, 'yar'uwarmu a kan tukunya, ita a kujera. Direbobi baƙi da ba su san komai ba su suka fara tsayawa. Da 'yan unguwa suka ga direbobi ba su mutu ba, suka fara aiko yara da kwano, daga baya suka zo da kansu, kowa yana cewa tafiya ya yi. Layin bai koma yadda yake ba, amma layi ne.

Ƙulluttan sun sake dawowa sau da dama a shekarun da suka biyo, kowane zuwa ya fi na baya sauƙi. Mun koyi gane su tun daga ciwon gaɓoɓi, mu kama hanyar asibiti ba tare da jiran shawarar kowa ba. Ƙaramin yatsan dama da na kusa da shi sun ɗan lanƙwashe, ba su miƙe ba har yau, kuma ba ta ji da su. Kowace safiya takan jiƙa hannu da ƙafa a ruwa, ta shafa man kaɗanya, ta duba ko akwai rauni da ba ta sani ba.

A hankali aka rage fararen ƙwayoyin har aka daina. Ƙibar ta zube, kumatu suka koma, sukari ya sauka. Ranar da likita ta duba ta ta ce ba sai mun dawo ba sai in wani abu ya taso, Mma ta rungume ta, ta yi mata addu'ar miji nagari, ko da yake yarinyar da aurenta. Muka hau trotro muna dariya.

Muna shiga gida muka tarar da mata a tsakar gida, Hajiya maƙwabciya a gaba, da ledar lemu da gwangwanin madara. Sun lura Mma ta rame kwanan nan, sun haɗa kai sun zo dubiya.

"Sannu, Hajiya. Ashe jikin ya sake tashi. Dubi yadda kika zube."

Na buɗe baki zan yi bayani, Mma ta taka mini ƙafa. Ta dafa bango, ta ja numfashi, ta zauna a tabarma a hankali kamar wadda aka sauko da ita daga gadon asibiti.

"Sai godiya," in ji ta da 'yar ƙaramar murya. "Jiki sai a hankali."

Suka zauna kusa da ita, suka yi ta sannu, Hajiya maƙwabciya har da riƙe mata hannu. Sai da suka tafi na ce, "Mma, yau fa aka sallame ki."

"Na sani. Lokacin da nake kwance ba su zo ba, yau da suka zo zan kore su?" Ta jawo ledar ta leƙa. "Ɓare mini biyu. Ki zaɓi masu laushi."